Daga Tafkin Nyos Zuwa Goma: Duwatsu Masu Aman Wuta Da Haɗarin Da Ke Tattare Da Su

A daren 21 ga watan Agustan 1986, mutanen ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, a yankin Arewa maso Yammacin ƙasarmu Kamaru, sun kwanta lafiya lau. Kafin gari ya waye, mutum 1,746 sun rasu, tare da dabbobi wajen 3,500, galibinsu shanun Fulani makiyaya. Babu gobara, babu rushewar gidaje. Waɗanda suka fara isa wurin sun tarar da gawarwaki a kan gado da bakin ƙofa, tsuntsaye da ƙwari ma duk sun mutu. Ruwan tafkin, wanda aka sani shuɗi, ya koma ja kamar tsatsa.

Abin da ya kashe su iska ce. Tafkin Nyos yana zaune ne a cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya kai kimanin mita 200. Narkakken dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa yana fitar da iskar kabon dayoksaid, ita kuma tana narkewa a ruwan da ke ƙasan tafkin shekara da shekaru. In ina yi wa ɗalibaina bayani a aji, nakan ce su tuna da kwalbar lemo: muddin murfi na rufe, shiru kake ji; ka jijjiga ka buɗe, sai ta yi tsiri. To, haka tafkin ya yi a wannan dare. Da yake iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana gangarowa kamar ruwa, ta shaƙe duk mai numfashi har tazarar kilomita 25. Shekara biyu kafin nan, tafkin Monoun ya yi irin wannan, mutum 37 suka mutu.

Masana sun ƙiyasta cewa akwai duwatsu kimanin 1,350 a duniya da za su iya yin aman wuta, yawancinsu a kewayen tekun Fasifik, kamar Indonisiya da Japan da Filifins da Chile. Mu ma muna da namu rabon. Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000 kuma garin Buea ke gindinsa, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau.

Mutane da yawa sun ɗauka wutar ce kawai abin tsoro. Ai sau tari abin da ke biyo bayanta ya fi kisa. A watan Nuwamban 1985, dutsen Nevado del Ruiz na Kwalambiya ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa, ruwan ya haɗu da ƙasa ya zama kogin laka, ya binne garin Armero cikin dare. Mutum kusan 23,000 suka halaka. Toka ma ba abin rainawa ba ce: tana danne rufin gida har ya rufta, tana lalata amfanin gona, tana kashe injin jirgin sama. A 2010 tokar wani dutse a Aisland ta sa an soke tashin jirage kimanin 100,000. Shi kuwa dutsen Tambora na Indonisiya, da ya fashe a 1815, ƙurarsa ta rage hasken rana har aka yi rashin amfanin gona da yunwa a Turai a shekarar da ta biyo baya.

A nahiyarmu, garin Goma na Kwango ne ya fi zama a bakin kura. Narkakken dutsen Nyiragongo tsinkakke ne, yana gudu sosai. A watan Janairun 2002 ya ratsa tsakiyar gari, dubban ɗaruruwan mutane suka tsere. A watan Mayun 2021 ya sake aman wuta, sama da mutum 30 suka mutu. Ga kuma tafkin Kivu a gefen garin, wanda ya ninka Nyos girma nesa ba kusa ba, shi ma cike da iska a ƙasansa, kuma mutum kimanin miliyan biyu ke zaune kewaye da shi.

Mai karatu zai ce, to me ya hana su tashi? Amsar tana cikin ƙasar noma. Tokar dutse taki ce mai kyau ƙwarai, shi ya sa gonakin ayaba da shayi da kwakwar manja suka kewaye Dutsen Kamaru. Talaka ba ya barin gonar da ke ciyar da shi saboda bala'in da bai san ranar zuwansa ba.

Abin da ya rage shi ne sa ido da jin gargaɗi. A Armero masana sun zana taswirar haɗari tun kafin lokaci, amma ba a kwashe mutane ba. A Filifins kuwa, kafin dutsen Pinatubo ya fashe a 1991, an kwashe dubun-dubatar mutane, rayuka masu yawa suka tsira. A Nyos an kafa bututun da ke zuƙo iskar a hankali a 2001, aka ƙara biyu a 2011. Maƙwabtanmu na Najeriya ma sun gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba, don ta tare ambaliya idan katangar tafkin ta ɓalle ruwa ya bi kogin Katsina-Ala.

Shawarata ga makiyaya da fatake da direbobin da ke bin waɗannan yankuna: in ka ga dabbobi ko tsuntsaye sun faɗi matattu a kwari ba dalili, kada ka sauka dubawa, ka nemi tudu ka hau. In hukuma ta ce a tashi, a tashi, kaya ba su kai rai ba. Allah Ya kiyaye mu.