Yadda Ake Tantance Isar Wuta Ga Na'urorin USB

Gabatarwa

Malamin zamani yakan adana darussansa da sakamakon ɗalibansa a filashi ko a faifan ajiya na waje, waɗanda duk ta kafar USB suke samun wuta daga kwamfuta. Idan wutar ta gaza a daidai lokacin da ake kwafar bayanai, aikin zango guda na iya salwanta. Saboda haka ya wajaba ɗalibi ya san yadda ake gane isar wutar ko rashinta.

Adadin Wutar da Kafa Ke Bayarwa

Kafar USB tana bayar da bolt 5. Samfurin USB 2.0, wanda ya fito a shekarar 2000, yana bayar da miliamfiya 500, wato wat 2.5. Shi kuwa USB 3.0 na shekarar 2008 yana kaiwa miliamfiya 900. Linzami da allon buga rubutu ba su cin wuta sosai, amma faifan ajiya mai juyawa yakan nemi fiye da 500 a lokacin da zai tashi. Haka nan, mararrabar da ke raba kafa ɗaya zuwa huɗu, in ba ta da wutar kanta, miliamfiya 100 kawai ƙa'idar USB 2.0 ta tanadar wa kowace kafarta.

Hanyoyin Tantancewa

1. Lura da alamomi: na'ura ta riƙa ɓacewa tana dawowa, ko faifai ya riƙa ƙara ƙas-ƙas bai buɗe ba.

2. Duba manhaja: a Windows 7, sashen Device Manager yana nuna wutar da ke akwai a kowace mararraba da wadda kowace na'ura ke buƙata. Idan buƙata ta zarce abin da ke akwai, to wuta ta gaza.

3. Amfani da ma'auni: akwai ƙaramar na'ura da ake sakawa tsakanin kafa da abin da aka jona. Idan ta nuna ƙasa da bolt 4.75, akwai matsala.

Kammalawa

Da zarar an tabbatar da ƙarancin wuta, sai a cire na'urorin da ba a buƙata, a jona faifai kai tsaye a jikin kwamfuta da gajeriyar waya mai kauri, ko a nemi mararraba mai wutar kanta. Kada a ci gaba da kwafar muhimman bayanai sai an gyara.