Jan Hankali ga Ɗaliban da Ke Neman Masauki a Alƙahira

Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka fahimci cewa wanda ya nufi Masar domin neman ilmi, kafin ya buɗe littafi tilas ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa, shi ya sa suka fitar da dukiyarsu aka gina Madarasar Ibn Rashiƙ saboda masu zuwa daga ƙasarsu, daga baya kuma aka keɓe wa mutanen Barno ruwaƙinsu, wato sashen masaukinsu, a cikin masallacin Azhar. A yau Alƙahira da kewayenta sun haura mutum miliyan 20, Misirawa da Sudaniyawa da Shamawa da Somaliyawa da ɗaliban Indonesiya da Malesiya duk a cuɗe, kuma Madinatul Bu'us ta Abbasiyya, wadda aka buɗe a 1959 domin baƙin ɗalibai, ba ta ɗaukar kowa da kowa. Wanda bai sami gurbi a cikinta ba, haya ta kama shi.

Abin da ya fi cutar da sabon zuwa shi ne ya fara tambayar kuɗin gida alhali bai tambayi inda kulliyarsa take ba. Azhar ba wuri ɗaya ba ce. Kulliyoyin Usuluddini da Shari'a da Luggar Larabci na maza suna Darrasa, dab da tsohon masallacin da na Husaini, inda ake zaman karatun littattafai a gaban shehunai. Fannonin zamani kuwa, irin su likitanci da injiniyanci, waɗanda dokar 1961 ta shigo da su, da kulliyoyin mata, suna Madinatu Nasar. Wanda darasinsa yake Darrasa, ya je ya kama ɗaki a Faisal ko Ardul Liwa, can ƙetaren Nilu, don an ce masa akwai rangwame, to abin da ya rage a haya zai zubar da shi a kuɗin mota, sa'an nan ya iso gaban malami a gajiye bayan an yi nisa da karatu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana rage wahala, kuma layi na uku yana bi ta Abbasiyya, amma bai shiga kowace unguwa ba.

Galibin yaranmu Hayyul Ashir suke sauka, ko Ainu Shams, domin can 'yan'uwa suke, can ake samun mai tuƙa tuwo da mai nuna hanya. Wannan rahama ce ga baƙo, ban musa ba. Sai dai a ganina ɗalibin da ya shekara huɗu yana kwana da Hausa, yana tashi da Hausa, bai taɓa zama da Bamisire ko Ba'indonese sun yi muraja'a da Larabci ba, ya yi hasarar rabin abin da ya kai shi. Ya zaɓi abokan zama ta la'akari da sallarsu da lokacin barcinsu da riƙon amanarsu wajen karo-karon kuɗin wuta, ba don garinsu ɗaya kawai ba.

Sa'an nan batun kuɗi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 jama'a suka kwararo Masar, kuma aka karya darajar fam ɗin Masar a Maris na 2024, haya ta yi tashin gwauron zabi, har farashin da wani tsohon ɗalibi zai faɗa wa uba a gida ya zama labarin da. A nan ne mazambata suke samun ƙofa: a aiko wa yaro hoton ɗaki ta WhatsApp tun yana Kano ko Damagaram, a ce ya turo kafin alƙalami kada wani ya riga shi, ya sauka ya tarar babu ɗakin, babu mai ɗakin. Kada a biya ko sisi sai an shiga gidan da ƙafa. Dillali, wanda suke kira simsar, yana da ladansa, mai gida kuma yana karɓar kuɗin ajiya na ta'amini. A yanke duka biyu tun kafin a karɓi makulli.

Shari'a ta yi umurni da rubuta mu'amalar da ke da ajali, kuma haya tana cikin abin da ya fi bukatar haka. A rubuta aƙadi da sunan wanda zai zauna, da muddar zama, da ƙarin da za a yi kowace shekara, da wanda zai biya bawwabi mai tsaron ƙofa, a lissafa kayan ɗakin idan da kayansa aka ba da shi, ɗalibi ya riƙe kofinsa. Mai zama a ƙarƙashin sunan wani da ya gama karatu ya koma gida ba shi da hujja ranar da mai gida ya so tayar da shi, ko hukuma ta nemi sanin mazauninsa wajen sabunta iƙama, wato izinin zama.

Ranar duba gida, ɗalibi ya murɗa famfo ya ga ko ruwa yana hawa benen, ya tambayi ko akwai bashin wuta a kan mita. Mafi muhimmanci, ya leƙa banɗaki. Sanyin Alƙahira daga Disamba zuwa Fabrairu yana ratsa ƙashi, mutane kuma suna ɗumama ruwan wanka da na'ura mai aiki da gas, wadda idan tana cikin banɗaki rufaffe takan fitar da iska mai guba marar wari, mai sumar da mutum kafin ya kai hannu ga ƙofa, kuma kusan kowane hunturu jaridun Masar sai sun kawo labarin rasuwa ta wannan hanya. Idan ya tarar da ita a ciki babu taga ko bututun fitar da hayaƙi, ya nemi mai gida ya fitar da ita waje ko ya sauya ta da mai lantarki, a rubuta wannan sharaɗi a cikin aƙadin kafin ya sa hannu.