Sanin Hanya da Tsara Tafiya a Arewacin Zamfara

Wasan nan da Turawa ke kira "oriyantiyarin", watau tseren neman hanya a daji da taswira da kamfas, ya samo asali ne daga horon sojan Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19. An yi gasar farko ta jama'a a Norwe a 1897, aka kuma kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1961. Wasan baƙo ne a ƙasar Hausa, amma ilmin da ke ƙarƙashinsa tsoho ne wurin fatake, domin kowane ayari yana da madugu mai yanke shawarar zango, da jagaba mai shiga gaba.

Ƙasar da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi ta isa misali. Shimfiɗaɗɗiya ce, tsaunukanta kaɗan ne, saboda haka gulabe su ne manyan alamomi: Gagare da ya ratsa ta Ƙaura ya nufi arewa, da Bunsuru ta wajen Zurmi. Mai tsara tafiya a nan ba miƙaƙƙen layi yake fara dubawa ba, ruwa yake dubawa. Barth ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, kuma da ayarinsu ya shiga dajin Gundumi, yamma da Shinkafi, sai da suka yi wajen awa 26 suna tafiya ba zango, don ƙishirwa da tsoron mahara. Lalle wanda ya kuskure hanya a irin wannan wuri ba gasa ya rasa ba, rai ya sa a kasada.

Horon zamani yana farawa da ma'auni. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 daidai take da kilomita 1 a ƙasa. Sai ɗalibi ya ƙirga takunsa a mita 100, a ƙasa mai tauri da kuma cikin rairayin gulbi, don lissafin ba ya zuwa ɗaya.

Dabarar da ta fi dacewa da wannan ƙasa ita ce kaucewa da gangan. Alal misali, wanda ya taso daga gabas yana neman wani ƙauye a bakin Gagare, in ya saita kamfas kai tsaye ya ɗan kuskure, zai isa gulbin bai san ko dama zai yi ko hagu ba. Amma in tun farko ya nufi kudu da ƙauyen kaɗan, da ya taka gaɓa ya san arewa zai juya. Tafiyar ta ƙaru, shakka ta kau.

Da dare kuwa, tauraron arewa bai wuce daraja 13 bisa gefen sama ba a nan, har ƙurar hunturu takan ɓoye shi. Ba mamaki da mutanen karkara suka fi ambaton Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta.

Abin takaici, fashin daji da ya addabi yankin tun shekarun 2010 ya sa kai ɗalibai jeji ganganci ne. Filin makaranta ko gefen tashar jirgin ƙasan Ƙaura, inda dogo ya tsaya tun 1929, ya isa a koyi ƙirga taku da saita kamfas.