Kujerar Baya a Motar Golf: Sifirin Ne Ke Ɗaukar Nauyin

Ƙaramar motar da aka ƙera domin 'yan wasan golf biyu da jakunkunansu ta daɗe da fita daga filin wasa. A garin Peachtree City na jihar Jojiya a Amurka, akwai hanyoyinta na musamman masu tsawon kimanin mil 100, inda ake zuwa cefane da kai yara makaranta a cikinta. Shi ya sa masu ita ke cire mazaunin jakunkuna su ɗaura kujera a baya. Sai dai duk wanda ya ƙara kujera ya bar sifirin na asali, rabin aiki ya yi.

Dalili kuwa shi ne wurin da kujerar take. Tana zaune ne a bayan sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, saboda haka nauyin manya biyu yana danne ƙarshen motar yana ɗaga gabanta, kamar amalanken da aka jibge wa kaya a gefe guda. Sifirin da aka auna da nauyin jakunkuna sai ya lanƙwashe, taya ta riƙa gogar bodi, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sako-sako a kwana. Ga shi yawancin waɗannan motoci a tayoyin baya kaɗai suke da birki. Motocin E-Z-GO TXT da Club Car DS suna da sifirin mai falle-falle, da yawa daga na Yamaha kuma mai naɗi ne, kowanne kuwa ana sayar da mai kauri irinsa.

Wani zai ce sifirin mai kauri yana sa mota tauri idan babu kowa a baya. Haka ne, amma ɗan jijjiga ya fi sitiyarin da ba ya jin magana alhali yara na zaune a baya. Wani kuma zai ce canza na'urar rage girgiza ya wadatar. Amma aikinta hana mota tsalle-tsalle ne, ɗaukar nauyi na sifirin ne. Ƙara wa motar tsayi ma ba magani ba ne, yana ƙara mata haɗarin kifewa.

A canza sifirin ɓangarorin biyu tare, a ranar da aka ɗaura kujerar. Duk da haka, kada a wuce iyakar nauyin da kamfani ya rubuta, domin sabon sifirin bai ƙara wa birki ƙarfi ba.