Ɓarawon Hanta da Rigunansa Dubu

Duk wanda ya taɓa cin goruba ya riga ya san rabin labarin ƙwayar da ke kawo ciwon hanta nau'in B. Akwai ɓawo daga waje, ƙodago mai tauri daga ciki, sannan can tsakiya abin da aka ɓoye. Haka take: riga mai maiƙo, ƙoƙo mai ƙwari, sai 'yar takardar gadonta a naɗe. Bambancin kawai, wannan gorubar sai ka jera kusan dubu biyu kafin su kai kaurin gashin kai guda.

Abin dariya, rigar aka fara tsinta kafin a ga mai ita. A 1965 wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, ya ba da labarin wani baƙon abu da ya gani a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, bai ma san na ciwon hanta ba ne. Sai a 1970 David Dane ya hango cikakkiyar ƙwayar a Landan, shi ya sa har yau ake kiranta da sunansa. Dalilin jinkirin kuwa wayo ne irin na tsohon ɓarawo. A jinin mai cutar, kowace ƙwaya ta gaske tana tafe da dubban riguna fanko, ba kowa a cikinsu. Ka ɗauka 'yan sintiri sun biyo ɓarawo, suka tarar da unguwa cike da riguna irin tasa a rataye, kowace iska na kaɗa ta. Kafin su gama dukan tsumma, gogan ya haura katanga.

To, amma ramin mugunta a gina shi gajere. Waɗannan rigunan banza su aka tattara daga jinin masu cutar, aka tsabtace, aka yi allurar riga-kafin farko da su a 1981. Daga 1986 ma aka koya wa yis, irin wanda ke kumbura burodi, ya riƙa ɗinka rigar da kansa. Ana nuna wa jiki riga ba ɓarawo, ya haddace ɗinkin, ranar da mai ita ya zo tun daga bakin ƙofa za a cafke shi.

Ƙoƙon tsakiyar nan shi ya fi ba ni mamaki. Tubali iri ɗaya ne, mazubi ɗaya, guda 240, suna haɗuwa bibbiyu sannan su dunƙule su zama kamar ƙwallon ƙafa mai tsinaye da 'yan ramuka. Ba magini, ba lebura. Zuba su kawai wuri ɗaya, su gina rumbunsu da kansu. Da haka ginin gidajenmu yake, da magina sun koma sayar da goro. Kuma rumbun ba na ajiya kaɗai ba ne, a cikinsa ake kwafar takardar gado, kayan aiki na shiga ta ramukan nan kamar yadda iska ke shiga murhu.

Yaya aka ga wannan duka? Da sanyi. Kun san tumatir idan ya daskare a firji, ya narke, sai ya zama lagwab, don ƙanƙara ta farfasa cikinsa. Masana sai suka gano cewa idan aka tsoma ɗigon ruwa cikin wani mugun sanyi farat ɗaya, yakan sandare kamar gilashi ba tare da ya fasa komai ba. Sai a ɗauki hoto da madubin lantarki. Hoton ma dishi-dishi yake fita, kamar ka je kasuwar tukwane da almuru: duk hannun mutum ɗaya ne ya gina su, amma wata a kife, wata a gicciye, wata baki sama. Ba wadda ka gani sosai, amma idan ka haɗa dubbai a ranka, ka san tukunyar har zanen wuyanta. Aikin da kwamfuta ke yi ke nan. A 1997 ayari biyu, ɗaya a Kambirij ta Ingila ƙarƙashin Tony Crowther, ɗaya a Amurka, suka fitar da siffar ƙoƙon nan har ana ganin murɗe-murɗen tubalinsa. Dabarar daskarewar ta kai wasu masana uku ga kyautar Nobel a 2017.

Takardar gadon kuma ta marowaci ce, haruffa wajen 3,200 kacal, alhali ta ɗan Adam ta kai biliyan uku. Layi ɗaya sai ya ba da saƙo biyu, ya danganta da inda ka fara karatu. Ɗakin talaka ke nan, da rana shago, da dare makwanci.

Ƙofar da take shiga hanta sai 2012 aka gano ta, a Beijin, a ɗakin binciken Wenhui Li. Ashe ƙofar da hanta ke karɓar gishirin ruwan matsarmama ce. Wato ɓarawo bai fasa gini ba, ta ƙofar ɗan garuwa yake bi.

Amfanin sanin siffa shi ne sanin inda za a sa tsakuwa. Yanzu ana gwada magunguna masu maƙalewa tsakanin tubali da tubali, gini ya karkace ko ya tashi fanko. Sai dai kada mu yi saurin guɗa. Ƙwayar tana binne wani zoben iri can ƙuryar tantanin hanta, kamar aya-aya a gona: ka share sama, ruwa ya sauka, ta sake tsiro. Shi ya sa magani irin tenofovir yake danne cutar amma ba kasafai yake tumɓuke ta ba, yawanci sai an yi ta sha shekara da shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita, miliyan 65 a yankin Afirka, da yawa kuma ba su sani ba, don ba kowa ne idonsa ke yin rawaya irin na shawara ba. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma tana zama masa ta dindindin. Don haka, mai gida, kada ka bari sai ranar suna. Allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake yinta, kai da uwargida kuma ku je a gwada jininku.