Horar da Kare Ya Ɗauko Abu Daga Ruwa

Karen Labrador jikan karnukan masunta ne na gabashin Kanada, wanda mafarautan Ingila suka mayar mai ɗauko agwagwar da aka harbo. Duk da haka muna jan hankalin masu kiwonsa cewa ba a koya iyo da tilas. A fara horon a tudu, sa'an nan a ruwa marar zurfi inda ƙafafunsa ke taɓa ƙasa. Kada a jefa shi ciki, domin tsoron ruwa yana da wuyar fita. A cire masa abin wuya, gudun kada ya maƙale a reshe ko ragar masunta ya nutse. Ruwan da gansakuka ya rufe kuwa a ƙaurace masa, wani irinsa yakan kashe kare cikin sa'o'i kaɗan.