Kyamara a Ɗakin Gwajin Masu Ciwon Mantuwa

Idan likita ya tambayi dattijo mai ciwon mantuwa ko yana shan maganinsa da kansa, sau da yawa amsar ita ce ƙwarai kuwa. In ya juya ga 'yar dattijon, ko dai kunya ta hana ta ƙaryata Baba a gaban baƙo, ko gajiyar jinya ta sa ta ƙara gishiri. Da irin waɗannan amsoshi aka daɗe ana yanke hukuncin ko mutum zai iya zama ba mai kula da shi. Takardar tambayoyin da Lawton da Brody suka fitar a Amurka a 1969, mai duba kiran waya, girki, cefane, riƙon kuɗi da shan magani, har yau tana aiki a asibitoci.

A birnin Nis na Faransa, likitoci da masanan kwamfuta na cibiyar INRIA sun ɓullo da wata hanya ƙarƙashin shirin Dem@Care na Tarayyar Turai. Sun shirya ɗaki kamar na gida, aka ba dattijo jerin ayyuka: haɗa shayi, buga waya, jera ƙwayoyi a akwatin magani. Kyamara mai auna nisa tana kallo, manhaja tana lissafi. Minti nawa ya ɗauka? Ya ɗora ruwa ya nufi waya, ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki, sannan ya koma ya buɗe akwatin da ya riga ya cika? Wannan kai-komo ne takarda ba ta kamawa, alhali da shi matsalar kan fara bayyana. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna na'urar na iya bambance mai cin gashin kansa da mai buƙatar taimako.

Sai dai ɗakin gwaji ba gida ba ne. Tsohuwar da ta ruɗe da baƙuwar buta tana iya yin tuwo a madafinta ba kuskure. Kai kyamarar zuwa gida kuma zai taɓa sirri, ga tambaya mai nauyi: wa zai ba da izini in hankalin mai gidan ya fara rauni?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, inda yawanci akan ce gigin tsufa ne kawai, ba a ma kai mutum asibiti.